DARASINMU NA WANNAN FITOWA: ME KE TAURARA HANYAR MATSARMAMA A HANTAR SHANU?



Da yawa daga cikinmu sun taɓa gamuwa da wannan asara. Mu sayi sa a karar Tourou ta Parakou ko a Kolokondé kusa da Djougou, mu biya kuɗin mota da na kan iyaka, a kai shi kudu a yanka, sai likitan dabbobi ya ɗaga hantar ya ce ba ta shiga kasuwa. Idan mahauci ya sa wuƙa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar yana yankan tsakuwa. To, mene ne ya kawo haka?

Asalin abin dai tsutsar hanta ce, wadda likitoci ke kira Fasciola gigantica. Faffaɗa ce kamar ganye, tsawonta kan kai santimita 7. Mazauninta shi ne hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi cikin hanta. Ƙwanta yana fita cikin kashin shanu, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa ta fadama, daga nan ya fito ya manne a ciyawa. Saniya ta ci ciyawar, ƙaramar tsutsa ta huda hanji, ta yi makonni tana ratsa naman hanta, kana ta sauka cikin hanyar matsarmama. Daga cin ciyawa zuwa fara zubar da ƙwai wata 3 ne zuwa 4. Shi ya sa dabbar da ta yi rani a bakin Okpara ko a fadamun kogin Ouémé, inda garke ke cunkushewa kan ɗan ruwan da ya rage, ta fi shiga haɗari.

Amma fa taurin nan ba tsutsa kaɗai ke yin sa ba. Jikin saniya yana da sojojinsa, wato fararen ƙwayoyin jini. Na farko su ne iyosinofil, masu yaƙi da tsutsa, waɗanda yawansu ke ƙaruwa cikin jini da zarar ta shiga. Na biyu makrofej, masu haɗiye datti da mataccen nama. Na uku limfosayit, masu ba da umarni da ƙera makaman da ke manne wa abokin gāba. Dukansu sukan taru a bangon hanyar matsarmama, wurin ya kumbura.

Ita kuwa tsutsar wayo gare ta. Tana sake fatarta a kai a kai, makamin da ya manne mata ya zube. Tana fitar da wani ruwa mai yanka makaman, tana kuma sanyaya wa sojojin gwiwa. Saboda haka yaƙi ba ya ƙarewa. Makrofej su yi ta kiran gyara, jiki ya yi ta jibga tabo a kan tabo, har bangon ya yi kauri, sinadarin kalsiyam ya daskare a ciki, hanyar ta koma fara mai tauri kamar sandar lofe. Ashe rabin ɓarnar daga masu tsaron gida ta fito. Kuma ko an kashe tsutsar, tabon da ya riga ya daskare ba ya gushewa da sauri.

Sanyin da tsutsar ke sa wa sojojin jiki yana da wata illa. A shekarar 2012 masana a Ingila sun nuna cewa 'yar'uwarta ta ƙasashen sanyi, Fasciola hepatica, tana iya sa gwajin fata na tarin fuka ya kasa nuna cutar a jikin shanu.

Abin da za mu riƙe a kara:

1. Mu duba ƙarƙashin haɓa. Kumburi mai taushi kamar an ɗura ruwa alama ce.
2. Mu buɗe fatar ido da dasashi. In sun yi fari, jini ya ragu, domin tsutsar jini take sha.
3. Dabbar da ke ci amma ba ta ƙiba, gashi a tashe, mu tambayi inda ta yi kiwon rani kafin mu taya.
4. Wadda za mu tsare don kiwon ƙiba, mu sa likita ya duba kashinta.
5. Maganin triclabendazole yana kashe ƙanana da manya, albendazole kuwa manya yake kamawa. Mu ba da shi daidai nauyin dabba, kada mu rage don tsimi. Tun 1995 aka samu tsutsar da ta gagari triclabendazole a Ostireliya.
6. Kada a ɗura magani yau a kai mayanka gobe. Mu cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba.

Daga ƙarshe, wanda ya ga aibi a dabbarsa ya faɗa wa mai saye. Mahaucin da muka cuta a Kwatano ko Ibadan, shi ne za mu nema a tafiya ta gaba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Amin.