Kafin ku shiga sitidiyo

'Ya'yana, na ji an ce kun haɗa ƙungiya, da masu jita da mai ganga, kuna tara kuɗin fitar da faifanku na farko. Allah Ya sa albarka. Ku zauna in ba ku labarin wasu samari huɗu 'yan Liverpool ta Ingila, waɗanda duniya ta sani da The Beatles.

Ranar 11 ga Fabrairu 1963 suka shiga sitidiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan da ƙarfe 10 na safe. Kafin su fito, bayan ƙarfe 10 na dare, sun naɗi waƙoƙi goma na faifan Please Please Me. Aka haɗa da huɗu da suka riga suka fitar, faifai ya kammala. Ya fito ranar 22 ga Maris, ya yi mako 30 yana kan gaba a kasuwar Birtaniya.

Matasa in sun ji haka sai su ce ashe abin ba wuya. To, ku tambayi abin da ya gabaci wannan yini. Tun 1960 yaran nan suke zuwa Hamburg ta Jamus suna kiɗa a gidajen rawa, sa'o'i a tsaye, dare bayan dare, gaban mutanen da ba su damu da su ba. In sun dawo gida kuma sai wani kulob na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern. A farkon 1962 kamfanin Decca ya saurare su ya ce bai so. Saboda haka ranar da aka kunna musu na'ura ba koyo suka je yi ba, abin da hannu ya riga ya haddace suka zuba. Na'urar ma layi biyu gare ta, ba irin kwamfutarku ta yau da ke gyara wa mutum murya ba. Wanda ya kuskure, kowa ya koma farko. Ni a ganina wannan takura ta amfane su. Ku ma kada ku biya kuɗin awa a sitidiyo kuna gardamar inda amshi zai shigo, wannan aikin ɗakin atisaye ne.

Sai batun furodusa. Nasu George Martin ne, ya girme su, ya kuma karanci kiɗa a makaranta. Waƙar da faifan ya ci sunanta da farko a sanyaye take tafiya, shi ya ce su ƙara mata sauri, suka ji, ta karɓu. Amma da ya kawo musu waƙar wani marubuci, How Do You Do It, sun naɗa don girmamawa, sannan suka nuna tasu suke so. Ya bar su. Wata ƙungiyar ta ɗauki waƙar ta kai ta matsayi na ɗaya, wato kunnen dattijon bai yi ƙarya ba, su ma yaran ba su yi wauta ba. Ku lura kuma da dabararsa: John Lennon, ɗaya daga cikin samarin, na fama da mura a ranar, sai aka ajiye waƙar da zai rera, Twist and Shout, mai yage maƙogwaro, zuwa ƙarshe. Ɗauka ta farko ita ce a faifan, don da aka sake gwadawa murya ta riga ta tafi.

In faifai ya fito, 'yan jarida za su zo, kuma a nan na fi jin tsoro a kanku. Magana zarar bunu ce. A watan Maris 1966 jaridar Evening Standard ta buga hirar da Lennon ya yi da 'yar jarida Maureen Cleave, wadda ya saba da ita, inda ya saki baki ya kwatanta farin jinin ƙungiyarsu da na Annabi Isa, alaihissalam. A Ingila ba a ce komai ba. Bayan 'yan watanni wata mujallar matasa ta Amurka, Datebook, ta sake buga maganar. Gidajen rediyo a kudancin ƙasar suka daina sa waƙoƙinsu, aka tara faifansu ana ƙonawa, har da barazanar kisa. Dole Lennon ya tsaya gaban manema labarai a Chicago cikin Agusta yana ba da haƙuri.

Don haka in an ajiye muku rikoda, ku yi zancen abin da kuka sani: yadda waƙa ta samu, wa ya koya muku, me ya ba ku wuya. Addinin mutane ku bar shi inda yake. Saɓanin da ke tsakaninku ma ku kashe shi a gida, kada mai ganga ya fara jin laifinsa a shafin mujalla. In ɗan jarida ya yi tambaya ya yi shiru yana kallonku, ba dole ne ku cike masa shirun ba.