Ina Ruwan Filato Yake Tafiya? Darasi A Kan Aikin Koguna

A ajin labarin ƙasa mukan zana koguna a taswira, mu haddace sunayensu domin jarrabawa. A wannan darasi muna so mu duba ayyuka biyu da kogi yake yi, wato yadda yake kwashe ruwan sama daga ƙasa, da yadda yake canja kamannin ƙasar da ya ratsa. Za mu ɗauki misalinmu daga tudun Filato, gama nan ne mafarin da yawa daga cikin kogunan arewacin Nijeriya.

Filato kamar jinkar ɗaki

Tudun Filato yana da tsayin kimanin mita 1,280 bisa teku, Dutsen Shere kuwa da ke gabas da Jos ya haura mita 1,800. Ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Wani ruwan yakan nutse cikin ƙasa ya cika rijiyoyi, wani rana ta shanye, sauran kuma ya gangara. Idan muka lura da jinkar ɗaki lokacin da ake ruwa, za mu ga ruwan yana rabuwa daga ƙoli, wani ya sauka ta gaba, wani ta baya. Haka yake a Filato. Ruwanmu yana bin manyan hanyoyi uku.

Hanya ta fari ita ce ta Kogin Kaduna. Ya taso ne kusa da Vom, ya bi ta garin Kaduna, da Shiroro, da Zungeru, ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nupe bayan tafiyar kimanin kilomita 550.

Hanya ta biyu ita ce ta Binuwai. Kogin Gongola ya taso daga gabashin tudun, ya shiga Binuwai a Numan. Kogunan Mada, da Shemankar, da Wase sun gangara ta kudu, su ma Binuwai suka nufa. Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja, suka tafi tare har Tekun Atlantika.

Hanya ta uku ba ta kaiwa teku ko kaɗan. Rafin Dilimi da ya ratsa cikin Jos ya bi arewa ya shiga Kogin Jama'are. Jama'are ya haɗu da Kogin Haɗeja wajen Gashuwa, suka zama Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gaidam da Difa a kan iyakar Nijeriya da Nijar, ya ƙare a Tabkin Chadi.

Duk ƙasar da ruwanta yake gangarawa cikin kogi ɗaya ita ake kira kwarin wannan kogi. Tudun da ya raba kwari biyu kuma shi ne marabar ruwa. A kan maraba irin wannan, gonaki biyu na iya zama maƙwabta, amma ruwan ɗaya ya tafi Atlantika, na ɗayan ya tafi Chadi.

Ayyuka uku na kogi

Na fari, kogi yana zaizayar ƙasa. Ruwa mai gudu yana ɗauke da yashi da tsakuwa, da su yake goge dutse kamar yadda maƙeri yake goge ƙarfe da magagari. Wanda ya duba duwatsun rafi da rani zai ga ramuka masu santsi kamar turmi. Tsakuwa ce ta shiga ɗan rami, ruwa ya yi ta juya ta shekara da shekaru har ramin ya yi zurfi.

Na biyu, kogi yana dako. Laka tana tafiya cikin ruwan, shi ya sa kogi yakan yi ja da damina. Yashi yana tafiya yana tsalle a ƙasan kogi, manyan duwatsu kuwa sai ruwa ya cika sosai kafin ya mirgina su. A hanya suna ta bugun juna, don haka tsakuwar kogi ba ta da kaifi.

Na uku, kogi yana sauke kaya. Da zarar gudunsa ya ragu, sai ya ajiye abin da ya ɗauko: duwatsu tukuna, sa'an nan yashi, laka kuma daga ƙarshe. Kuzar Filato ta nuna mana wannan. Asalinta cikin duwatsu take. Ruwa ya farfasa duwatsun ya kwashe, amma da yake kuza tana da nauyi, sai ta kwanta a ƙasan tsofaffin rafuka. A waɗannan wurare ne masu haƙar kuza suka fi samunta.

Daga mafari zuwa baki

Littattafan labarin ƙasa sukan kwatanta kogi da mutum, da ƙuruciya, da girma, da tsufa.

A ƙuruciya, wato kusa da mafari, gangare yana da tsanani. Kogi yana cin ƙasa zuwa ƙasa, kwarinsa matsattse ne mai zurfi. Inda ya iske dutse mai tauri a bakin tudu, sai ya zubo daga sama. Haka aka sami Assop a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Farin Ruwa wajen Wamba. Ƙarfin wannan zubowa ne aka yi amfani da shi a Kurra tun zamanin Turawa, aka samar da wutar lantarki domin aikin kuza.

A tsakiyar tafiya, ƙananan rafuka sun shigo, ruwa ya ƙaru, kamar yadda Hausawa suka ce, da yayyafi kogi kan cika. A nan kogi yakan fara lanƙwasa. A bayan gwiwar, ruwa yana da gudu, yana cin gaɓa. A cikin gwiwar kuwa ruwa yana tafiya a hankali, yana tara yashi. Saboda haka manomin da ke wannan gaɓa gonarsa tana raguwa kowace damina, na ƙetare kuma tasa tana ƙaruwa. Wani lokaci gwiwar takan yi tsanani har kogi ya yanke hanya ya miƙe, ya bar tsohuwar hanyar ta zama tabki mai siffar lauje.

A tsufa, ƙasa ta miƙe, kogi ya yi faɗi. Da damina yakan cika ya malala, idan ya janye ya bar laka mai taki. Wannan ita ce fadama, inda ake noman shinkafa, da rake, da albasa, da tumatir. Kusa da teku, Kwara ya rarrabu rassa da yawa cikin lakar da shi kansa ya tara, har ƙasar ta sami sunan Neja Dalta.

Akwai wani abin mamaki a taswirar Gongola. Daga Filato ya nufi arewa maso gabas kamar Chadi za shi, amma da ya kai wajen Nafada sai ya juya kudu, ya bi ta Dadin Kowa da Kiri zuwa Numan. Masana suna ganin a zamanin da can Chadi yake zuwa, sai wani reshen Binuwai ya yi ta cin ƙasa ta baya har ya iske shi, ya janye ruwansa kudu. Wannan shi ake kira satar kogi.

Abin da ya shafe mu

Duk abin da na tudu ya yi wa ruwa, na gangare ne yake ɗanɗanawa. An gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, a kan kogunan da suke ciyar da Kogin Haɗeja. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, amma ruwan da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta, da makiyaya, da manoman shinkafa na can ne suka ji a jikinsu.

Fadama kuwa, ko ta shekara goma a bushe, hanyar kogi ce. A watan Yuli na 2012 ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya shiga unguwannin bakin rafi a Jos, mutane fiye da 30 suka rasu. A wannan shekara Binuwai da Kwara suka cika, Makurɗi da Lokoja suka sha ruwa. A ƙasa baki ɗaya mutane 363 suka mutu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 ambaliya ta sake zuwa, ta kashe fiye da mutane 600.

Ba mu da ikon hana ruwan sama, amma muna da ikon rage gudunsa. Inda akwai itatuwa da ciyawa, ruwa yakan tsaya ya nutse, rijiyoyi su daɗe ba su ƙafe ba. Inda aka sare itatuwa aka ƙone daji, ruwa yakan gangara gaba ɗaya da ƙasar noma, ya bar kwazazzabo. Saboda haka mu yi kunya a gicciye, kada mu bi gangare da ita. Mu bar ciyawa da itatuwa a gaɓar rafi, kada mu yi noma har bakin ruwa. Kada mu zuba shara ko leda a lambatu. Iyayenmu kuma da za su sayi fili, su tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa kafin su aza harsashi.

Aikin hutu

1. Ku nemi rafin da ya fi kusa da garinku. Wane kogi yake shiga? A ina ruwansa yake ƙarewa, Atlantika ko Chadi?

2. Ku sami wurin da rafin ya lanƙwasa, ku zana shi, ku nuna gaɓar da ruwa yake ci da wadda yake tara yashi. Ku yi wannan da rani, kada kowa ya shiga rafi bayan an yi ruwa.

3. Ku ɗebi ruwan rafi a kwalba, ku ajiye shi ya kwana. Me ya kwanta a ƙasa, kuma daga gonar wa ya fito?