Kafeyin da Saurin Rage Nauyi: Darasi ga Masu Ɗaga Ƙarfe

A garinmu Sabon Birni, haka ma Isa, ɗan kokawa bai san sikeli ba. Kaka ta yi, an kai gero rumbu, sai a buga ganga a shiga fage. Guzurinsa fura da tuwo, sai goro. Mu ƙannensa da ke ɗaga ƙarfe a bayan ɗakunan kwana burinmu daban ne: ciki ya shafe, jijiya ta fito, a ɗauki hoto.

Zangon da ya wuce, abokin ɗakina, ɗan Isa, ya ƙudura zubar da kilo 4 cikin kwana uku saboda gasar nuna jiki. Ya daina shan ruwa, ya naɗe cikinsa da leda yana gudu da rana, ga Nescafé mai kauri wajen mai shayi, ga lemon ƙarin kuzari. Rana ta uku ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Shi ya sa na bi diddigin abin.

Me sikeli ke nunawa?

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Shi kuwa kitse kilo ɗaya, sai ka ƙona kalori wajen 7,700 kafin ya tafi, wato kusan abincin kwana uku cur. Ashe abin da ya zube cikin kwana uku yawancinsa ruwa ne, kuma da ka sha zai dawo. Da jiki ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfi ya fara raguwa, jini ya yi kauri, zuciya da ƙoda su shiga wahala. To balle a zafin Sakkwato, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40.

Ina kafeyin ya shigo?

Kafeyin sinadari ne da ke cikin kofi, shayi da goro. Aikinsa toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa. Yana taimaka wa mai atisaye, kuma tun 2004 hukumar WADA ta cire shi daga jerin abubuwan da ta haramta wa 'yan wasa. Hukumar FDA ta Amurka ta ce miligiram 400 a rana shi ne iyakar baligi mai lafiya. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 na ɗauke da 80. Bayan wajen awa biyar rabinsa na nan a jininka, shi ya sa na yamma ke hana barci.

Haɗarin yana wajen haɗa biyun. Jikin da ba ruwa yana kukan a tsaya, kafeyin ya rufe masa baki, ya ƙara wa zuciya gudu. In aka ɗora maganin sa fitsari irin su Lasix, gishirin jini da ke daidaita bugun zuciya ya rikice. A 1992 shahararren mai gina jiki Mohammed Benaziza ya rasu bayan gasa a Holan, kuma an danganta rasuwar da bushewar jiki da irin wannan magani. A 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa suka mutu a jami'o'in Amurka cikin 'yan makonni wajen rage nauyi, har aka hana musu rigar roba da ɗakin turiri.

Abin yi

Rage kamar rabin kilo a mako, ta hanyar abinci. Sha ruwa har fitsarinka ya yi fari-fari. Ka lissafa goro, kofi da lemon kuzari tare, don tukunyarsu ɗaya. Kada ka taɓa maganin fitsari sai likita ya rubuta. In ka ga jiri, faɗuwar gaba, ɗaurewar tsoka ko fitsari kamar baƙin shayi, ka ajiye ƙarfe ka nufi asibiti.

Ɗan'uwa, in wannan ya same ka lokacin hutu a gida, ka san nisan hanyar Sakkwato da halin da take ciki. Ƙodar da ta lalace kuwa, wankinta a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Abokina ya dawo atisaye, yanzu da gorar ruwa a hannu.