Yadda za a raba ɗalibai da hadda a darasin kemistiri

Babbar matsalar koyar da kimiyyar sinadarai a makarantun sakandare ita ce hadda ba fahimta. Ɗalibi zai rubuta H₂O ko NaCl ba gargada, ya kawo ma'anar asid kamar yadda take a littafi, amma in aka tambaye shi inda sukari ya tafi bayan an dama shi a shayi, sai ya ce ya ɓace. Sau da yawa tushen wannan yana inda aka faro masa darasin.

Alex Johnstone, masanin koyar da kimiyya a Jami'ar Glasgow, ya nuna a 1982 cewa fannin yana da hawa uku: abin da ido ke gani, kamar launi da kumfa da hayaƙi, ƙwayoyin zarra waɗanda ba a iya gani, sai alamomi da lissafin da ake rubutawa a allo. Malami ya saba da ukun, yakan tsallaka daga wannan zuwa wancan cikin magana ɗaya bai ma lura ba. Ɗalibin da aka fara wa da alamomi kuwa ba shi da abin da zai jingina su a kai, don haka sai ya haddace su.

Mafita ita ce a juya tsarin, a fara da abin da ake gani. Darasin asid da alkali ba ya buƙatar kaya masu tsada. A jiƙa zoɓo a tace, a raba ruwan a kofunan gilashi biyu. In aka matsa lemun tsami a na farko, jan zai ƙara haske. In aka zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Daga nan a ɗiga lemun tsami a kan garin kanwa, ɗalibai su ga kumfa tana tashi, wato iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Duk yarinyar da ta ga ana jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami ta riga ta san wannan aiki, suna kawai ya rage a ba ta. Sai bayan haka malami ya zana yadda ƙwayoyin ke haɗuwa, a ƙarshe ya rubuta lissafin. Haka ma marinar Ƙofar Mata a Kano: zane yana fitowa daga ruwan baba da launin kore-kore, iska na taɓa shi ya koma shuɗi. Wannan aikin iskar oksijin ne, kuma ya fi kowane zane na allo bayani.

Kafin kowane gwaji, ya kamata malami ya sa kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru. Nan ne kurakuran da ke kwance a zukata suke fitowa. A auna ruwa da sukari a sikeli, a dama, a sake aunawa. Wanda ya ce sukarin ya ɓace zai ga nauyin bai ragu ba, kuma ƙa'idar masanin kimiyya Lavoisier ta cewa nauyi ba ya ɓacewa za ta zauna masa. Kada malami ya yi gaggawar ba da amsa, kada kuma ya bari a yi wa mai kuskure dariya, domin wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake ɗaga hannu.

Bayani da Hausa ba laifi ba ne, muddin an biyo shi da kalmar Turanci, tunda da ita ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO.

Sai dai zoɓo da kanwa ba za su maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ba. Jarrabawar aiki da hannu tana buƙatar ɗalibin da ya saba riƙe kayan awo, ya san cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma ba a ɗanɗana komai a ɗakin. Wajibi ne shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tanadi waɗannan kaya tun ɗalibai suna ajin farko na babbar sakandare, kada a bari sai jarrabawa ta ƙarato.