Baƙo da Ɗan Gari

Yara, in kun lura ranar kasuwar Kankiya, za ku ga ba duk baƙi a ke karɓa da fuska ɗaya ba. Wani da isowarsa sai a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa. Wani kuwa sai a yi ta kallonsa daga nesa. Abu biyu ne su ke kawo wannan bambanci, watau kama da cuɗanya.

Mu fara da kama. In mutumin Maraɗi ya sauka a Mawashi, da wuya a kira shi baƙo, ko da ya ke daga Nijar ya fito. Hausa ya ke yi, rigarsa irin tamu ce, in an kira salla kuma tare za a shiga sahu. Ga kuma zumunci na tun da, domin bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunanta na dā suka yi arewa da jama'arsu, su ne suka kafa sarautar Maraɗi. Daga baya ne Turawa suka shata iyaka tsakani. Amma mutumin Inugu, ko da ya ke ƙasarmu ɗaya da shi, sai a daɗe ana ce masa baƙo, saboda harshensa da abincinsa da suturarsa dabam ne. Zuciyar ɗan Adam ta fi saurin sakewa da wanda ta ga ya yi kama da ita.

To, wanda bai yi kama da mu ba fa, zai tabbata baƙo ke nan? A'a, nan ne cuɗanya ta ke aikinta. A cikin birnin Kano akwai unguwannin da baƙi suka kafa: Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Waɗannan mutane cikin ganuwa suka zauna, suka ci kasuwar Kurmi tare da 'yan gari, suka yi auratayya da su. Yau jikokinsu Kanawa ne sosai.

Sai ku dubi Sabon Gari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka keɓe wa baƙin Kudu unguwa a bayan ganuwa wajen 1913. Aka zama ana haɗuwa wurin ciniki kaɗai, da yamma kowa ya koma wajen nasa. Wanda ba ka shiga gidansa, duk abin da aka faɗa maka a kansa sai ka yarda. Rashin sani ya fi dare duhu. Da rigimar siyasa ta tashi a watan Mayu na 1953, aka yi faɗa tsakanin birni da Sabon Gari, mutane da dama suka rasa rayukansu.

Wani malami a Amurka, Gordon Allport, ya bayyana wannan al'amari a 1954. Ya ce haɗuwa kawai ba ta isa ta kawar da ƙiyayya ba. Sai an haɗu babu mai raina wani, ana aiki ɗaya da nufi ɗaya, ana taimakon juna, shugabanni kuma suna goyon bayan zaman. Gayya a gona, da wasan ƙwallo, da zama aji ɗaya, duk irin wannan haɗuwa ce.

Ku tuna kuma, mu ma baƙi ne a wani wuri. Mutanenmu su kan tafi cirani Ikko da Ibadan. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takarda, har da Hausawan zango masu yawa. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, yawancinsu mutanen Gana.

Saboda haka in an kawo sabon yaro ajinku wanda Hausarsa ba ta nuna ba, kada ku yi masa dariya. Ku matsa masa wuri a benci, ku sa shi cikin wasa, ku tambaye shi yadda a ke gaisuwa da harshensu. Iyayenmu sun ce, baƙonka annabinka.

Tambayoyi
1. Don me ba a cika kiran mutumin Maraɗi baƙo ba?
2. Mene ne bambancin zaman Ayagi da na Sabon Gari?
3. Wace irin haɗuwa ce ta ke kawar da ƙiyayya?