Darasi na 8: Daga Kunu Zuwa Loma

Lokaci: minti 45, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: kunu mai kauri da tsinkakken kunu, dafaffen dankalin Hausa, dafaffiyar kabewa, ƙwai ɗaya dafaffe, cokali, kofi, 'yar tsana, ruwa da sabulu.

Manufa: kowace mace ta tashi ta san lokacin da ake ƙara wa abincin yaro kauri, da abin da za a ba shi ya riƙe da hannunsa, da abin yi in abinci ya shaƙe shi.

Me ya sa wannan darasi?

Iyayena da yayyena, daga cikin garin Daura har ƙauyukan Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, abincin farko da yaro ke sani bayan nono shi ne kunu ko koko. Wannan daidai ne. Inda ake samun matsala shi ne a bar shi a kan tsinkakken kunu har ya kai shekara, in an yi magana a ce, "Ai bai yi haƙori ba." Illa biyu ke cikin wannan jiran.

Ta farko, cikin yaro ƙarami ne. In aka cika shi da kunun da ruwa ya fi gari yawa, ya ƙoshi ke nan, amma jiki bai samu abin ginuwa ba. Daga wata 6 kuwa nono kaɗai ba ya isar shi, musamman wajen abin da ke ƙara jini. Ta nan tamowa ke shigowa sannu a hankali.

Ta biyu, tauna koyonta ake yi, kamar zama da rarrafe. Dasashin yaro yana da ƙarfin murƙushe abu mai laushi tun haƙori bai fito ba. A Ingila an bi dubban yaran da aka haifa a yankin Bristol a 1991 da 1992. Sakamakon da aka fitar a 2009 ya nuna waɗanda ba a fara ba su abinci mai gudaji ba sai bayan sun wuce wata 9, ko da suka kai shekara 7 sun fi sauran wahalar ciyarwa, kuma sun fi ƙin ganye da 'ya'yan itace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma a nan, ranar yaye abin ke bayyana. An raba yaro da nono, an kai shi wajen kakarsa, an aje masa tuwo, shi kuwa bai taɓa koyon tauna ba. Sai ya ƙi ci, ya rame, a ce yaye ne bai karɓe shi ba. Alhali tun yana wata 8 aka bar aikin.

Matakai huɗu

Wannan tsari ya bi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kofin da ake nufi shi ne wanda ke cin rabin ledar fiya wata. A duk matakan nan ana ci gaba da ba da nono har shekara 2 ko fiye.

*Wata 6 zuwa 7.* In yaro ya iya riƙe wuyansa, yana zama ko da an tokare shi, yana kai hannu ga abin da kike ci, to ya shirya. Fara da cokali 2 ko 3, sau 2 a rana. Kunun ya yi kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zuba ba. Ki haɗa garin da waken suya da gyaɗa soyayyu, a niƙa tare. Ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ki zubar.

*Wata 7 zuwa 8.* A daina tacewa. Dankali, kabewa, wake da aka surfe aka dafa ya yi luguf, ayaba, ƙwai: ki murƙushe da bayan cokali, ki bar 'yan ƙananan gudaji masu laushi. Tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ya shiga. Sau 2 zuwa 3 a rana, ana ƙarawa har a kai rabin kofi.

*Wata 8 zuwa 11.* Yanzu a ba shi abin da zai ɗauka da kansa. A yanka shi dogo kamar yatsanki, don ya damƙa a tafin hannu kan ya leƙo. Wajen wata 9 zai fara tsintar ƙananan abu da yatsa biyu. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4 a rana, rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

*Shekara 1 zuwa 2.* Abincin gida, a yayyanka masa ƙanana. Sau 3 zuwa 4, daga kashi uku cikin huɗu na kofi har kofi cike. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba yaji da maggi da gishiri mai yawa. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don in ya haɗa da yayyensa ba za ki san abin da ya ci ba.

Me za a ba shi ya riƙe?

Gwajin ɗaya ne: ki matse abin tsakanin babban yatsa da manuni. In ya murƙushe ba wuya, dasashinsa ma zai iya. Masu kyau su ne dafaffen dankali, kabewa, alale, awara mai laushi, cikin waina, ƙwai da ya dahu sosai, gwanda da mangwaro nunannu, kankana da aka cire 'ya'yanta, hanta ko kifi da aka dafa aka cire ƙaya tsaf. Kowane lokaci da nasa: mangwaro da bazara, kabewa da dankali da kaka. Zancen wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata camfi ne. Kaza ɗaya mai ƙwai da aka saya ranar rabon kuɗi ta isa ta canza kwanon yaro.

Waɗannan kuma a ɗage su daga gabansa: gyaɗa da gurjiya da aya ƙwaya-ƙwaya, gugguru, alewa mai tauri, ƙuli-ƙuli sai an daka, ɗanyen karas, rake, kilishi, da duk mai ƙwallo irin su dabino, magarya da aduwa. Ɗanwake yana da santsi kuma dunƙulalle ne, sai an farfasa shi ƙanana. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara. In kin ga kumburin leɓe ko ƙuraje sun feso bayan sabon abinci, ki tsayar, ki kai shi asibiti.

Da damina muna gona, yaro yana hannun yayarsa 'yar shekara 7, ita kuma duk abin da ta samu sai ta sammasa. A zaunar da ita a nuna mata abin da ba a ba ƙaninta.

Kakari daban, shaƙewa daban

Abin da ke sa uwa ta koma wa tsinkakken kunu shi ne tsoro. Ta ba yaro gudaji, ya yi kakarin amai, ido ya kawo ruwa, sai ta ce ba zai iya ba. Kakari kariya ce da yaro ke zuwa da ita. Yana tari, yana ƙara, fuska ta yi ja, ya turo abin da harshe. Ki natsu, ki bar shi ya fitar da kansa. Da yana sabawa abin zai ragu.

Shaƙewa kuwa shiru take zuwa. Ba kuka, ba tari, numfashi ba ya fita, leɓe da dasashi suna canza launi. Ga yaron da bai kai shekara ba:

1. Ki kifa shi a kan hannunki ko cinyarki, kai ya yi ƙasa, kina tallafe haɓarsa.
2. Ki buga bayansa tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu, har sau 5.
3. In bai fito ba, ki juyo shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu, har sau 5.
4. Ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti.

Kada ki zura yatsa kina lalube a maƙogwaro, kina iya tura abin ciki. Kada ki ba shi ruwa. Rigakafin shi ne yaro ya ci a zaune, ba a kwance ko a goye ko yana rarrafe ba, kuma babba yana kallon sa har ya gama.

Maganar ɗura

Kakanninmu sun yi ɗura ne don son yaro ya ƙoshi. Amma in aka danne yaro aka toshe masa hanci, kunu na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Kuma yaron da aka saba yi wa ɗura, da ya ga kofi sai kuka. In ya ƙi sabon abu yau, a sake gwadawa jibi. Wani sai an kawo masa sau goma kafin ya karɓa. Zai ɓata jiki da tabarma, a bar shi, koyo yake. Idan uwar miji ce ke riƙe da jikanta, a gayyato ta wannan zama, a bar ta ta matse dankalin da hannunta.

Tunda yanzu da hannu yake ci, a wanke hannunsa da na mai ba shi da sabulu kafin kowane ci. Yawancin zawon da muke ɗora wa haƙori daga ƙazantar da ke shiga baki yake.

Yaushe za a je asibiti?

In yaro ya kai wata 10 ba ya iya haɗiyar komai sai ruwa-ruwa, ko yana ƙwarewa a kowane ci, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura. A nemi a auna damtsensa. In ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba a kwana da ita a gida.

Aikin gwaji

A kasu gida uku. Kowane rukuni ya ɗauki dankali da kabewa ya shirya na ɗan wata 6, na ɗan wata 8, da na ɗan wata 10. A karkata cokalin kunu biyun kowa ta gani. Sannan kowace mace ta gwada bugun baya da danna ƙirji a jikin 'yar tsana, kada a tsallake kowa.

Tambayoyin tattaunawa

1. A gidanku, wa ke yanke shawarar lokacin da yaro zai fara cin tuwo?
2. Wane abinci mai laushi ake samu a garinku a wannan watan ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba?
3. Me za ki ce wa maƙwabciyar da ta ce, "Bari dai ya yi haƙori"?

Aikin gida: mai goyon da ya wuce wata 7 ta gwada abu ɗaya sabo a wannan mako. Wadda ba ta da goyo ta koya wa mace ɗaya a gidansu abin yi in yaro ya shaƙe. A zama mai zuwa, kafin a buɗe akwati, za mu ji yadda aka yi.