Gidan baƙi a bakin kogi

Baƙi masu yawon buɗe ido suna son kwana bakin kogin Isa, su ga dorina da tsuntsaye. Shi ya sa wasu ke son gina musu masauki cikin fadama.

Amma fadama makwancin kogi ce. In ya cika, nan yake bajewa. Nan kifi yake ƙwai, nan ake noman shinkafa, nan shanu suke kiwo da rani. In an cike ta da siminti, ruwa sai ya nufi gidajen mutane. A Satumba 2020, kogin ya kai santimita 700 a Yamai, ya ci unguwar Lamorde.

Masaukin baƙi, a tudu ya kamata a gina shi.

Tambaya: Mine ne amfanin fadama?